Ya daina salla, ya ce wai ƙaddara ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya daina salla. Duk sanda na yi masa faɗa sai ya ce da Allah Ya so da ya yi, ai an riga an rubuta komai. Ni kuma sai in rasa ta cewa. Yana da hujja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba shi da hujja, sai dai rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta ɗaure miki kai. Allah Ya san komai, Ya rubuta shi, kuma babu abin da ke aukuwa a mulkinSa sai da nufinSa. Musun wannan shi ne hanyar Ma'abadul Juhani, wanda ya fara zancen a Basra, har Abdullahi ɗan Umar ya barranta daga masu faɗarsa, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Ƙanenki kuwa ɗaya ramin ya faɗa, na Jahamu ɗan Safwan da aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, mai cewa bawa tilasta shi ake yi.

Ki ce ya dubi hannunsa. Karkarwar zazzaɓi daban, miƙa hannu ya ɗauki waya daban, shi ma ya san haka. Ta farkon ba a tambayarsa a kanta, ta biyun kuwa ganin damarsa ne. Ayoyi na 28 da 29 na Suratut Takwir sun haɗa abin wuri guda: sun ba mutum nufi na miƙewa kan hanya, suka kuma sanya nufin nan ƙarƙashin nufin Ubangiji. Sannan wa ya leƙa masa Lauhul Mahfuzu har ya ga an rubuta ba zai yi Azahar ba? Da wani zai fizge masa wayar nan ya ce ƙaddara ce, na tabbata ba zai ce "Allah Ya amfana" ba.

Sahabbai ma sun tambaya ko su dogara da abin da aka rubuta su bar aiki, Annabi (SAW) ya ce su yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa.

Don haka fakewa da ƙaddara a bar farilla haramun ne, kuma irin hujjar mushirikai ce da Allah Ya ƙaryata a Suratul An'am, aya ta 148. Amma kada ki yi gaggawar jifansa da kafirci. A iya abin da na gani, yawancin masu wannan magana kasala ce ta sa su neman mafaka. Ki riƙa tashinsa da Asuba cikin lallami, ki haɗa da addu'a. Wallahu a'alam.