Shin da gaske sarakuna 18 ne suka mulki Biyetnam na shekara 2,600?

Tambaya: Na karanta cewa gidan sarauta na farko a Biyetnam ya yi mulki fiye da shekara 2,600, amma sarakunansa 18 ne kacal. Ta yaya hakan zai yiwu?

Amsa: Gidan da kake nufi shi ne Hong Bang, wanda ake yi wa sarakunansa laƙabi da Hung, ƙasarsu kuwa ita ce Van Lang da ke kwarin Jan Kogi a arewacin Biyetnam ta yau. Bisa al'ada, sun hau mulki a shekarar 2879 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarauta kuma ta kuɓuce musu a 258 kafin haihuwarsa, lokacin da wani shugaba mai suna Thuc Phan ya ci ƙasar da yaƙi ya kafa daular Au Lac. Idan aka yi rabo, kowane sarki zai tashi da shekara 145 a kan gado, saboda haka shakkarka tana bisa hanya.

Shekarar 2879 ɗin ba daga wani rubutu na wancan zamani ta fito ba. Marubucin tarihin fada, Ngo Si Lien, shi ne ya shigar da ita cikin kundin da ya kammala a 1479, ya kuma haɗa da labarin da ake ji a bakin kakanni, cewa Lac Long Quan, jinin dodon ruwa, ya auri Au Co, ta haifi ƙwai ɗari da suka ƙyanƙyashe 'ya'ya maza ɗari, hamsin suka bi uba zuwa teku, hamsin suka bi uwa zuwa tsaunuka, babbansu ya zama Hung na farko. Sai dai wani kundi da ya girmi nasa, Viet Su Luoc, ya ajiye kafuwar Van Lang a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a ganina wannan ya fi shiga hankali, domin sarakuna 18 a shekara ɗari huɗu da 'yan kai ba abin mamaki ba ne.

Abin da aka tono daga ƙasa ma ya fi karkata nan. Manyan gangunan tagulla na Dong Son, tsohuwar al'adar mutanen arewacin Biyetnam, masu tauraro a tsakiyar fuska da zanen jiragen ruwa da mutane sanye da gashin tsuntsu, wasu na daka a turmi, sun nuna al'umma mai noman shinkafa wadda ke da manyan da za su iya ɗaukar nauyin maƙera, amma ba a sami sunan wani sarki Hung a jikin ko ɗaya ba.