Ba na shan alawa, me ke cinye mini haƙora?

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya aiki?

Ni matar aure ce, shekaruna 34, ina sana'ar zoɓo da lamurje a gida. Wata huɗu ke nan haƙorana na gaba ba sa jure sanyi. Ranar sunan ƙanwata aka miƙo mini ruwan ƙanƙara, kurɓa ɗaya na yi na ji zir har tsakiyar kaina, sai da hawaye suka zubo mini a gaban baƙi. Da na duba madubi na ga bakin haƙoran ya yi siriri, sun kuma soma yin rawaya.

Abin da ya ɗaure mini kai, Anti, ni ba mai shan alawa ba ce, lemon kwalba ma sai wurin biki. Kullum da safe ruwan ɗumi nake sha da rabin lemon tsami saboda tumbi, yau shekara biyu. Ina gamawa nake wanke baki da burushi, wani lokaci har da garin gawayi don su yi fari. Zoɓo kuwa gorata tana gefe, ina aiki ina kurɓa har la'asar. Surukata ta ce tsutsa ce, a yi mini hayaƙi ta fito. Maigida ya ce in je a cire kawai in huta. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki daga Gusau

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya.

Kada ki bari a cire miki ko ɗaya tukuna, hayaƙin ma ki ba Mama haƙuri cikin ladabi, domin babu tsutsa a haƙori. Bayaninki ya fi kama da zaizayewa, kuma tsami ne ke jawo ta.

Kowane haƙori yana da farin ɓawo a samansa, wanda ya fi ƙashi tauri. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa, cike da ƙananan ƙofofi da ke kaiwa ga jijiya. Ɓawon nan yakan fara laushi idan tsamin baki ya yi ƙarfi har lambarsa ta sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, domin gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon ƙarfin tsamin. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, zoɓo da tsamiya ba su yi nisa da shi ba. Rawayar da kika gani sashen ciki ne ya fara leƙowa, zir ɗin kuma sanyi ne ke bi ta ƙofofin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai gorar nan ce ta gefenki. Duk kurɓa ɗaya, miyau yana buƙatar kusan rabin awa ko fiye kafin ya wanke tsamin ya soma mayar wa haƙori ƙarfinsa. Ke kuwa kafin ya gama kin sake kurɓa, tun hantsi har la'asar. Wadda ta shanye kofi guda a kan abincin rana ta tashi, ta fi ki tsira, ko da nata ya fi naki yawa. Ga sukarin da ke ciki, wanda ƙwayoyin cutar baki ke ci su fitar da nasu tsamin, shi ne mafarin kogo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Ki lissafa abin da kike zubawa a tukunya ɗaya.

Sai burushin safe. Na san tsafta kike nufi, amma goge haƙori nan take bayan lemon tsami kamar kankare bango ne tun siminti bai bushe ba, gawayi kuma ƙara kankara yake yi. Ki daina shi yau. Ki riƙa wanke baki kafin ki sha komai, da burushi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, sannan da dare kafin barci, ki tofar kada ki ɗauraye. In kin sha abu mai tsami ki kurkure da ruwa zalla, burushi ko asuwaki su jira awa ɗaya. Lemon tsamin nan ma ba ya narkar da kitsen ciki, ki sha ruwan ɗuminki haka nan.

Sana'arki ba za ta tsaya ba. Ki ɗanɗana da cokali sau ɗaya, ki bi da ruwa. Ki kuma lura da yara a gidan: tsotson zoɓon leda, tauna ƙanƙara, da dabino ko alawar madara masu maƙalewa a matauna in aka kwana da su.

Ɓawon da ya tafi ba ya dawowa, amma ana tsayar da ɓarnar. Ki je sashen haƙori na asibitin gwamnati cikin makon nan, ki gaya wa likita duk abin da kika gaya mini, har da gawayin. In kina fama da ƙwarnafi ko yawan amai ki faɗa masa, domin tsamin ciki ma yana cin haƙori. Zai duba ko akwai kogo, ya shafa miki maganin da ke toshe ƙofofin, ko ya yi ciko inda ya zaizaye sosai.

Antinki