Ka fara duba injin kafin ka zaɓi manhaja

Ɗana, ka ce makarantar da ta ɗauke ka koyar da zanen kwamfuta a Kawo ta bar maka zaɓin manhajar da za a saka wa yara, kana tambaya ko Photoshop ko CorelDRAW. Kafin mu zo kan suna, je ka duba kwamfutocin tukuna. Idan gwanjo ne masu RAM giga 4, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, to Photoshop na yanzu ya fita daga lissafi, don su kansu Adobe giga 8 suka ce shi ne mafi ƙaranci. Yaro zai danna ya zauna yana kallon allo har a kaɗa ƙararrawa bai ja layi ɗaya ba.

Ga kuma maganar kuɗi. Tun 2013 Adobe ta koma bayar da Photoshop haya, a biya wata-wata ko shekara-shekara. Mai makaranta zai biya na farko yana fara'a, ran da aka zo sabuntawa ya ce maka iyaye ba su kawo kuɗin makaranta ba. Na san abin da ke bakinka, za ka ce ai akwai kirak, wato kwafin sata da aka fasa wa makulli. Kada ka kai shi makaranta. Filas guda mai bairos ya isa ya kwantar maka da ɗakin gaba ɗaya, kuma kai za a tuhuma. Ballantana malamin da ke hana satar amsa a jarrabawa bai kamata a gan shi yana koyarwa da kayan sata ba.

Da ni ne, uku zan saka, dukkansu kyauta ne, halal, kuma ba sa neman intanet bayan an sauke su: Krita, Inkscape da GIMP. Krita ita ce ta zane da fenti, tana da burushi iri-iri, har ɗan katun mai motsi ana yi da ita. GIMP ta gyaran hoto ce, yanka, cire bango, gyara haske. Tsohuwa ce, wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka faro ta a 1995, kuma a 2025 aka fitar da GIMP 3.0. Inkscape kuwa ita ce 'yar'uwar CorelDRAW wajen aiki: tambari, rubutu, baje, duk abin da ake so ya fita tsaf.

Dalilin da ya sa na haɗa maka su shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci, wanda masu zuwa neman aiki shagon nan da yawa ba su san shi ba, wato bambancin hoto da zanen layi. Hoto kamar ɗinkin hula yake, daga nesa ka ga fure, ka matso ka ga tsinin zare ɗaya bayan ɗaya. Ɗigo-ɗigo ne, adadinsu a ƙirge yake, in ka ja shi ya wuce girmansa sai ya farfashe. Zanen layi kuwa lissafi kwamfuta ke riƙewa, nan layi ya tashi, nan ya lanƙwasa, don haka ko kati ka buga ko banar mai faɗin bango, bakinsa ba ya lalacewa. Kada ka tsaya dogon bayani a allo. Ka sa su zana bajen makaranta ƙarami a GIMP, su sake zana shi a Inkscape, sannan kowa ya ƙara girman nasa sau goma. Abin da idonsu ya gani a ranar ba za su manta ba. Daga nan ka shiga leya, wato jera sassan zane hawa-hawa, ka daɗe a kanta, bango daban, mutum daban, rubutu daban. Yaron da ya gane leya da zaɓen yanki, ran da ya zauna gaban Photoshop wurin maɓallan kawai zai nema.

Ba zan ɓoye maka inda kyautar ke da rauni ba. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, shi ya sa koren da ke walƙiya a allo yake fitowa a dushe a takarda. Krita tana iya aiki da CMYK, amma GIMP da Inkscape ba su kai Photoshop da CorelDRAW a wannan fannin ba. Ga aji wannan ba matsala ba ce. Ka dai koya musu su buɗe aikin da za a buga a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tun farko, ka kuma buga musu aiki ko ɗaya su kwatanta da allo.

CorelDRAW kam ba a raina ta a garin nan. Katin biki, kalanda, fostar siyasa, takardar walimar saukar Alkur'ani, yawancin shagunan bugu da ita suke yi. Idan makaranta za ta kashe kuɗi, ta sayi lasisi na gaskiya na inji ɗaya ko biyu saboda 'yan babbar sakandare. Tana buɗe fayil ɗin SVG da Inkscape ke fitarwa, ka ga aikinsu ba zai tashi a banza ba.

Canva da Photopea, manhajojin zane da ake buɗewa ta intanet, suna da kyau, sai dai data suke ci, kuma ka san halin netwok. Canva ma ina ɗan tsoronta ga mai koyo, don komai an riga an shirya, yaro ya canza suna da hoto ya ɗauka ya iya. 'Yan firamare ka ba su Tux Paint su yi ta ɓarna da launi. Wanda ke da waya a gida ka nuna masa ibisPaint.

Kuɗin da aka tsira da shi na haya, ka roƙi mai makaranta ya sayi allon zane mai alƙalami, Huion ko XP-Pen, ko guda uku ne a riƙa karɓa-karɓa, don fenti da linzamin kwamfuta, wato maus, wahala ce. Sai UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, saboda tsakanin ɗaukewar NEPA da tashin janareta aikin yaro ke salwanta. Ka tabbatar ajiyar kai-da-kai ta Krita a kunne take, ka buɗe wa kowane yaro foldarsa da sunansa, su riƙa ajiyewa a asalin fayil, .kra ko .xcf ko .svg, kafin su fitar da JPG, don JPG murƙushe leyoyi yake yi wuri ɗaya.

Ranar Asabar ka zo da filas mai tsabta bayan la'asar in zuba maka ukun. Ka taho da takarda ka rubuto RAM ɗin kowace kwamfuta da irin Windows ɗin da ke kanta.