Tambaya da Amsa: In bi bayanin gyara da 'yan sa-kai suka rubuta?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Batirin kwamfutata ta tafi-da-gidanka ya kumbura har yana ɗaga madannai. Na samu bayanin yadda ake canza shi a intanet, daki-daki da hotuna, amma ashe ba kamfanin ne ya rubuta ba, wasu mutane ne kawai, kuma wai kowa na iya shiga ya taɓa rubutun. Ƙanena ya ce kada in kuskura. In bi ko in bari? — Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, tun kafin mu kai ga maganar bayanin, ki zare caja, ki kashe kwamfutar, kada ki sake jona ta. Batirin litiyom da ya kumbura iskar gas ce ta taru a cikinsa, kuma idan aka huda shi ko aka lanƙwasa shi yana iya kamawa da wuta. Kada ki danna shi don ya koma.

Ƙanenki yana da gaskiyarsa, amma ni ban yarda cewa rashin sunan kamfani ne abin tsoro ba. Shafin iFixit, wanda masu gyara da dama ke dogara da shi, ɗalibai biyu ne suka fara shi a Kalifoniya a 2003, Kyle Wiens da Luke Soules, bayan kwamfutar Kyle ta lalace ya nemi littafin gyaranta ya rasa. Shi kuma wikiHow, shafin da ke koyar da yadda ake yin abubuwa, Jack Herrick ne ya kafa shi a 2005 bisa tsarin Wikipedia: wani ya fara, wani ya gyara, kuma duk abin da aka taɓa yana nan a tarihin shafin.

Abin da ya sa nake ba irin wannan rubutu muhimmanci shi ne ana gwada shi da hannu. Idan an ce noti shida ne a murfin ƙasa alhali bakwai ne, mutum na farko da ya ja murfin ya ƙi ɗagowa zai dawo ya faɗa, sau da yawa ma cikin fushi. Kuskure ba ya daɗewa a bayanin da dubban mutane ke bi. Matsalar tana wajen bayanin da ba kowa ke leƙawa ba, wanda mutum ɗaya ya rubuta shekarun baya ya tafi abinsa. Dukansu kuma kamanninsu ɗaya a fuskar allo, sai kin bincika.

Ki juya kwamfutar ki karanta lambar samfurinta a ƙasa, ki haɗa da wadda ke saman bayanin harafi da harafi. Kwamfutoci biyu na iya zama suna ɗaya, launi ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban. Sannan ki ƙura wa hotunan ido. Ina so in ga hannun mutum riƙe da sukudireba a kan ainihin na'urar, an zagaye kowane noti da launi, an rubuta tsawonsa da milimita. Wanda ya tsaya auna noti ya buɗe abin da gaske, kuma ya san cewa dogon noti a gajeren rami na iya huda allon kayan lantarkin da ke ƙarƙashi. Gani ya kori ji. Bayanin da zane mai kyau kawai ke cikinsa, yana cewa “a hankali ki cire murfin” ba tare da nuna ta ina za a fara ba, ba na ba shi rabin wannan amana. Ki kuma duba ranar gyara na ƙarshe, da ko mutane daban-daban sun taɓa shi.

Ki karanta shi har ƙarshe kafin ki kwance noti ko ɗaya. Idan batirin da noti aka ɗaure shi, za ki iya: ki zare soket ɗinsa da tsinken roba, ba ƙarfe ba, ki ɗaga shi a kwance. Idan kuwa manne yake da gam, sai an ɓamɓare shi, ga shi kuma a kumbure, to ki kai wa mai gyara, ko da bayanin ya fi kowanne kyau. A nan ba ingancin rubutun ake aunawa ba, abin da zai faru ne idan hannu ya kuɓuce. Haka nake cewa game da duk abin da ya shafi wutar gida, birkin mota, haɗa sinadaran wanki (bilic da amoniya suna fitar da iska mai guba), da adadin magani. Tsohon batirin kuma ba a jefa shi cikin shara, wurin karɓar tsofaffin batura ake kai shi.

Tambaya: Malam, ina so in fassara wasu daga cikin waɗannan bayanai in raba wa ɗalibaina. Akwai laifi? — Wani malamin makaranta

Amsa: Malam, babu, in ka cika sharuɗɗa. iFixit yana sakin rubutunsa ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai sharaɗi uku: ka ambaci inda ka samo, kada ka sayar, kuma fassararka ta fita da irin wannan lasisin don wani ma ya ɗora a kai. Hotuna kan zo da nasu sharaɗin daban, saboda haka ka duba ƙasan kowanne. Shawarata ita ce ka bi matakan da hannunka kafin ka raba, domin mai fassarar da bai taɓa riƙe na'urar ba yana iya mayar da “ɗaga” ta zama “ja”, ɗalibi ya tsinke siririyar wayar allo.