Robar hanci ce ta hana Baba haɗiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mako uku ke nan da hawan jini ya kayar da mahaifinmu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An sa masa roba ta hanci, ta nan muke ɗura masa kunu da sirinji. Yanzu ko yawu ya haɗiya sai ya ƙware. Ƙanwarsa ta ce robar ce ta tokare masa maƙogwaro, wai mu cire mu riƙa ba shi ruwa da cokali. Mu cire?
Daga wata baiwar Allah, Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Kada ku cire, sannan ki ba Gwaggo haƙuri a ajiye cokalin nan tukuna.

Ciwon ne ya taɓa haɗiyar tun kafin a sa robar. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, kuma akwai ɗan murfi da ke rufe ta iskar duk lokacin da mutum ya haɗiya. In ƙwaƙwalwa ta samu rauni sai murfin ya yi jinkiri, ruwa ya zarce huhu. Ruwa tsagwaro ya fi komai haɗari saboda gudunsa, ya fi koko mai kauri saurin zarcewa. Na sha ganin dattijon da ya fara murmurewa, aka tausaya masa da cokali biyu na ruwa da dare, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu. Wani ma ko tari ba ya yi, sai dai ki ji muryarsa kamar mai kurkurar baki.

Gwaggo ma dai ba ta yi kuskure duka ba. Robar tana sa kaikayin maƙoshi da bushewar baki, musamman in robar mai kauri ce, wani lokaci kuma takan naɗe a maƙogwaro. Ku nemi a duba ta, in da siririya a canza. Kuma tsokar da aka daina aiki da ita takan yi sanyi, don haka ku roƙi a gwada haɗiyarsa a asibiti, a koya masa atisayen harshe da maƙogwaro, robar na nan a jikinsa. Da yawa haɗiyarsu kan dawo cikin 'yan makonni. In aka wuce mako 4 zuwa 6 babu sauyi, likitoci kan ba da shawarar a koma robar da ake sawa ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi.

Kafin nan, ku tokare shi da filo ya ɗago sosai kamar a zaune in za a ba shi abinci, ya zauna haka aƙalla rabin awa bayan an gama. Ku riƙa goge masa baki da haƙora safe da yamma, don yawun da ke sulalewa huhu da ƙazantar baki yake tafiya. Ki kuma lura da alamar da ke jikin robar daidai bakin hancinsa. In ta gusa bayan tari ko amai, kada a ɗura masa komai sai nas ta duba.