Zanen tafkin da ke bangon falona ƙarya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Marwa ce a Kamaru, atamfa nake sayarwa a kasuwa. Bara na sayi wani zanen hannu a wurin masu sana'ar hannu na garinmu, na rataye shi a falo. Tafki ne shuɗi, da kwale-kwale ɗaya a bakinsa, da giginyu, ga ciyawa kore shar iya ganin ido. In na dawo daga kasuwa kaina na sarawa, na zauna ina kallonsa, sai in ji zuciyata ta sauka. Amma ɗana da ke jami'a ya ce zanen ƙarya ne, babu wuri irin wannan a ƙasarmu, Tafkin Chadi ma ya janye, wai yaudarar kaina nake yi. Da gaske ne? Kuma me ya sa wurin da babu shi zai kwantar mini da hankali?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sauke zanenki. Yaronki ya faɗi gaskiya ɗaya, kuma zan ba shi ita: tafkin ya janye. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, tun daga nan yana cika yana raguwa. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauki aikin mai zane kamar na mai ɗaukar hoton katin shaida.

Na daɗe ina koyar da zane a nan Garwa, kuma abin da nake fara nuna wa ɗalibi a bakin Binuwai shi ne abin da zai bari. Ga kogi, ga leda baƙa ta maƙale a ƙaya, ga tulin yashin masu tifa, ga wayar lantarki ta ratsa sama. Yaron zai zauna da fensir, ya ɗauki ruwan, ya ɗauki itacen da ke can hagu ya matso da shi kusa, ya aro hasken la'asar ɗin jiya, ya bar ledar. Kowane abu da ya sa a takardar ya gan shi da idonsa, sai dai ba rana ɗaya ba, ba kuma wuri ɗaya ba. Haka aka yi naki. Giginyun na nan a bakin kogin Logon, ciyawar na nan a watan Agusta, ruwan na nan a tafkin Maga. Mai zanen ya tara su a yadi ɗaya ne, yadda mace ke kwatanta garin da aka haife ta: ba ta fara da kwata, da inuwar tsamiyar ƙofar gida take farawa. Dabarar tsohuwa ce, Claude Lorrain, mai zane Bafaranshe da ya zauna a Rum ya rasu a 1682, da ita ya yi suna.

Sauƙin da kike ji kuwa an auna irinsa. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba takardun majinyata 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibitin jihar Pensilbeniya. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabin kuma bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga barin asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma ba su nemi allurar kashe zafi mai ƙarfi kamar 'yan'uwansu ba. Wannan taga ce, ba zane ba, amma daga baya shi da abokan aikinsa sun gwada da hotuna a gaban gadon waɗanda aka yi wa aikin zuciya a Upsala ta ƙasar Suwidin, waɗanda aka sa wa hoton ruwa da itatuwa a fili suka fi samun sauƙin fargaba.

Dalilin da ya fi gamsar da ni shi ne na wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Rachel da Stephen Kaplan. Suka ce hankali iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke riƙewa da ƙarfi, akwai wanda ke tafiya da kansa. Wunin kasuwa duk na farkon ne: ido a kan mai ɗaga turmi, kunne a kan mai tayi, zuciya a kan canji da bashin da ba a biya ba, ga ƙarar babura, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Wannan hankalin gajiya yake yi kamar ƙafa. Zanenki ba ya neman komai a wurinki. Ido zai shiga ta wurin kwale-kwalen, ya bi gaɓa, ya haye ruwa, ya kai inda sama ta haɗu da ƙasa, ya dawo. Babu mai kira, babu abin ƙirgawa. Mu masu zane da gangan muke shimfiɗa wannan hanyar: mu sa abu mai duhu a kusa, mu sassauta launi yayin da ake nisa, mu kwantar da layin ruwa sambal, don layin da ke kwance jiki yana karanta shi a matsayin hutu.

Ba ke kaɗai ba ce. A shekarun 1990 wasu masu zane biyu 'yan asalin Rasha, Komar da Melamid, sun sa an tambayi jama'a a ƙasashe da dama irin zanen da suka fi so, suka zana sakamakon. Daga Amurka zuwa Sin zuwa Kenya kusan abu ɗaya ya fito: fili, ruwa, itatuwa, da shuɗi mai yawa. Na Kenya har da dorina. A 2020 kuma, lokacin kullen korona, mai zane David Hockney na Ingila, ya haura shekara 80, ya zauna a Normandi ta Faransa yana zana itatuwa suna tohuwa a kan iPad, yana aika wa mutanen da ke kulle a gidajensu.

A wurinmu akwai ƙarin dalili. Gidaje da yawa ba sa rataye hoton mai rai. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, in ba makawa sai ya yi, to ya zana itace da abin da ba shi da rai. Saboda haka fili da ruwa da dutse suka samu gurbi a falonmu ba tare da gardama ba.

Abin da ke damuna, wanda da yaronki ya kawo shi da na tsaya masa, shi ne hotunan leda na kanti: dusar ƙanƙara a kan duwatsun Turai, da ruwa mai zubowa da aka ƙara wa launi a kwamfuta. Yaro ya tashi yana ganin kyau kullum a ƙasar wasu yake. Alhali ga tsinin dutsen Rumsiki da hantsi, ga gonakin masakwa kore a tsakiyar rani bayan komai ya bushe, ga yashin rafin Mayo Kaliyawo fari fat a ƙarƙashin inuwar darbejiya, ga gidajen laka masu tsini na ƙabilar Musgum wajen Pus. Natsuwar da ake samu a wurin da aka sani ta fi zurfi, don tana zuwa da ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari da muryar wanda aka je wurin tare da shi.

Ki ce wa yaron ya nemi aikin Ibrahim El-Salahi a wayarsa. Ɗan Sudan ne, haifaffen Omdurman a 1930, wanda gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa a 2013. Ya shafe shekaru yana zana itace ɗaya, haraz, wato gawonmu, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Wasu zanukan layuka ne kawai a tsaye, ba gawon da ya yi kama da su a daji, amma duk wanda ya taɓa fakewa a inuwarsa da rani zai zauna a gabansu shiru.

Abu biyu na ƙarshe. Ki rataye zanen daidai idonki in kina zaune, ba can kusa da silin ba inda aka saba kai shi, kuma ki kauce wa bangon da rana ke duka, don fenti mai araha yana saurin koɗewa a rana. Ciwon kan nan kuma, in kullum ne, ki je a auna miki jini. Zane yana sauke gajiyar wuni, ba ya sauke hawan jini.