Filin Amsa Tambayoyi: Wasan da aka cika shi da daji da bindigogi, aka manta da mutane

Wasiƙu uku ne suka iso mana daga Maradi a kan batu guda, wato ƙorafin da masu buga wasannin bidiyo suke yi cewa ana ba su duniya mai kyan gani amma taurarin cikinta ba su da rai. Mun haɗa su wuri ɗaya domin amsar ɗaya tana taimakon ɗaya.

Tambaya daga Lawali, unguwar Zariya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne, kuma idan na rufe shago nakan buga wasa a kwamfutar ƙanena. Kwanan nan na kammala Far Cry 2, wanda aka kafa labarinsa a Afirka. Dajin ya burge ni ƙwarai, amma har na kai ƙarshe ban san ko wane ne mutumin da nake sarrafawa ba, ban fahimci abin da ɓangarori biyun suke yaƙi a kansa ba, kuma duk yawon da na yi ban ga mace tana ɗibar ruwa ko yaro yana kiwo ba. Da na faɗi haka a fadarmu, abokaina suka ce wasan harbi ne, neman labari a cikinsa ɓata lokaci ne. Shin ina da hujja?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Lawali. Kana da hujja mai ƙarfi, kuma ba kai kaɗai ka lura da wannan giɓi ba, domin tun fitowar wasan a 2008 masu sharhi suke nuna shi. Sai dai adalci ya wajabta mu fara da abin da reshen kamfanin Ubisoft na Montreal, a ƙasar Kanada, ya yi da kyau. Sun gina fili mai faɗin murabba'in kilomita 50, sun tura ma'aikatansu Kenya domin su ga daji da idonsu, kuma sakamakon ya bayyana: wuta tana cin busasshiyar ciyawa tana bin inda iska ta nufa, bindigar da ka tsinta a hannun abokin gaba tana iya cijewa a tsakiyar artabu saboda tsatsa, zazzaɓin cizon sauro yana taso maka a lokacin da ba ka shirya ba har ganinka ya dushe. Duk abin da ya shafi ƙasa da ƙarfe da jikin ɗan Adam an yi masa aiki na gaske. Inda aka yi sakaci shi ne zaman jama'a.

Dubi tauraron da kake tambaya a kansa. A farkon wasa ana ba ka sojojin haya tara ka zaɓi ɗaya, cikinsu akwai ɗan Aljeriya da ɗan Haiti da ɗan Amurka, kowanne da ɗan taƙaitaccen tarihi a rubuce. Da zarar ka zaɓa, wannan tarihi ya gama aiki, domin mutumin ba ya magana, asalinsa ba ya canza yadda ake karɓarsa, kuma abin da ya kawo shi, wato kashe dillalin makamai da ake kira Jackal, umarni ne da aka ba shi daga waje, babu wani abu a ransa da ya ɗaure shi da aikin. Kwatanta wannan da GTA San Andreas na 2004, wanda kusan duk wanda ya taɓa riƙe PlayStation 2 a garin nan ya sani. Ba wasan yara ba ne, kuma akwai abubuwa da yawa a cikinsa da ba za mu yaba ba, amma kafin ka yi awa guda ka riga ka san cewa tauraron wasan, CJ, ya dawo gida bayan shekara biyar saboda an kashe mahaifiyarsa, yayansa Sweet yana ganin laifinsa don ya gudu ya bar su, kuma wani gurɓataccen ɗan sanda ya riƙe masa wuya da sharri. Saboda an ɗaure shi da uwa da ƴan uwa da unguwa, lokacin da amininsa Big Smoke ya ci amanarsa mai wasa yana jin zafin abin a ransa. Sojan hayar Far Cry 2 ba shi da wanda zai ci amanarsa har abin ya yi ciwo haka, ko da yake abokan aikinsa suna juya masa baya a ƙarshe, domin sanin da ka yi musu bai wuce na karɓar aiki da ceto a fagen fama ba.

Ɓangarorin biyu kuwa, UFLL da APR, sunayensu da shugabanninsu sun bambanta, amma aikin da suke ba ka iri ɗaya ne, ladan ma iri ɗaya ne, wato ɗanyen lu'ulu'u, kuma dakarun kowannensu suna buɗe maka wuta a hanya ko da ofishinsu ne ya aike ka. Shingen da ka tarwatsa yanzu, idan ka ɗan yi nisa ka dawo za ka tarar an sake cika shi da sababbin mutane kamar ba a taɓa zubar da jini a wurin ba. Ita ƙasar kanta ba ta da suna, kuma an haɗa ta ne da tsintar abubuwa daga sassan nahiyar da ba su haɗa hanya ba, har za ka ga jakin dawa irin na gabashi da kudancin Afirka, sannan ka ci karo da ƙauyen da aka kira na Dogon, alhali Dogon mutanen duwatsun Bandiagara ne a Mali, maƙwabciyarmu. Wanda bai san Afirka ba zai wuce bai lura ba, amma mu da muke zaune a cikinta muna ganin ɗinkin.

Masu kare wasan suna cewa da gangan aka yi haka, domin a nuna cewa a idon sojan haya duk ɓangarori ɗaya ne, kuma yaƙin basasa yana cinye ma'anar komai. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba, kuma faya-fayan muryar Jackal da ake tsinta a kai wa ɗan jarida Reuben sun nuna cewa marubutan sun iya rubutu idan sun so. Amma ga inda hujjar ta karye. A ƙarshen labari ana buƙatar ka sadaukar da ranka domin ƴan gudun hijira su tsallake iyaka, ko ta hanyar tayar da nakiya a toshe wa mayaƙa hanya, ko ta hanyar kai lu'ulu'u ga masu tsaron iyaka. To, waɗanne ƴan gudun hijira? Farar hula da ka gani a tsawon wasan ba su wuce ƴan tsirarun da ke ɓoye a ɗakunan da kake kai takardun tafiya domin a ba ka maganin zazzaɓi ba, kuma ba ka san sunan gonarsu ko abin da suka bari a baya ba. Wasan da yake son ka ji asarar da yaƙi ya jawo, dole ne ya fara nuna maka abin da aka yi asararsa. Wannan shi ne abin da za ka faɗa wa abokanka a fada: wasan ne da kansa ya yi alƙawarin labari, kai kuma ka nemi a cika.

Tambaya daga Nana Hadiza, ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Malam, ni da abokan karatuna biyu muna son mu ƙirƙiri ƙaramin wasa na wayar hannu wanda zai gudana a Maradi. Ba mu da jari, kuma muna tsoron kada a ce duniyarmu fanko ce. Ta yaya talaka zai gina duniya mai zurfi?

Amsa: Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, ya kuma ba ku sa'a. Abu na farko da zan cire miki daga rai shi ne zaton cewa faɗi ne yake kawo zurfi. A 2016 wani ƙaramin kamfani na Ingila, Hello Games, ya fitar da No Man's Sky, wanda yawan duniyoyinsa ya kai biliyan 18 sau biliyan ɗaya, kuma babban ƙorafin da ya biyo bayan fitowarsa shi ne cewa idan ka ziyarci kaɗan kamar ka ga sauran ne. Sai da suka shafe shekaru suna ƙara masa abubuwa kyauta kafin su dawo da martabarsu. Destiny na 2014 ya faɗa wani ramin daban, domin an rubuta masa tarihi mai yawa amma aka ajiye mafi yawansa a katunan da sai ka bar wasan ka shiga intanet za ka karanta. Kada ku rubuta tarihin Maradi a dogon shafi ku liƙa a farkon wasa, domin kusan kowa zai danna ya wuce.

Kayan aiki kuwa kuna da su fiye da yadda kuke zato. Masarautar garinku ta kafu ne a farkon ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Katsina da jihadi ya kora suka kafa sabon mazauni a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka zauna kusa da su a Tibiri. Fadar tana da Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka, tana kuma da Iya, mace mai iko a kan al'amuran mata da bori, kowanne da hurumin da yake karewa. Gulbin Maradi yana kawo ruwa da damina ya ƙafe da rani, kuma ambaliyar 1945 ce ta tashi garin daga kwari ta mayar da shi kan tudu. Wannan ambaliya kaɗai ta isa wasa guda: iyali ɗaya, dare ɗaya, tsohon da ya ƙi barin gidan da ya gada, da jikar da dole ta zaɓi abin da za ta ɗauka tsakanin damin hatsi da jar akuyar da ita ce dukiyar uwarta.

Idan kuma zamanin yau kuka fi so, ku ɗauki layi ɗaya a unguwa ɗaya da mutum biyar ko shida, ku san kowannensu kamar yadda kuka san maƙwabtanku. A ce tauraronku ɗan kabu-kabu ne wanda babur ɗin ba nasa ba ne, kowace yamma sai ya kai wa mai shi kuɗin da aka yanka masa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai waina ta bakin layi tana bin sa bashin karin kumallo, kuma ita ce ta san duk wanda ya shiga da wanda ya fita. Idan mai wasa ya biya ta, gobe za ta tsegunta masa cewa Alhaji yana neman wanda zai kai saƙo Dan Isa. Idan ya kauce mata ya bi ta wani lungu, zai tarar ta daina amsa gaisuwarsa, ga-ruwan da ke kawo mata ruwa ma ya ji labari. Wannan bai buƙaci zane mai tsada ba, manhajar ƙera wasanni ta Godot da ake samu kyauta za ta ɗauke shi, abin da yake buƙata shi ne mutanen wasan su riƙa tuna abin da aka yi musu. Ku sa su yi Hausar garin yadda ake yin ta a kasuwa, kowa da bakinsa, domin tsohuwa da ɗan lakwal ba sa magana iri ɗaya. Kakanninmu sun gina Gizo da kwaɗayi da wayo da tsamin baki kawai, amma duk yaron da ya ji tatsuniya biyu zai iya faɗa miki abin da Gizo zai yi idan aka ba shi ajiyar nama.

Akwai waɗanda suka riga ku a wannan hanya. Kiro'o Games na Yawunde, ƙarƙashin Olivier Madiba, sun fitar da Aurion a 2016, kuma sun kafa shi a kan ango da amarya, Enzo da Erine, waɗanda ɗan uwan amaryar ya ƙwace wa sarauta a ranar bikinsu. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 saboda juyayin rasuwar mahaifinsa, labarin saurayin da ya ƙulla yarjejeniya da mutuwa domin a dawo masa da uba. Dukansu biyu daga damuwar gida ɗaya suka faro, sannan duniyar ta bunƙasa a kewayenta.

Tambaya daga Malam Isuhu, mai gidan wasan bidiyo a Sabon Gari: Ni dai abin da nake gani kullum shi ne ƙwallo da Free Fire, kuma ban taɓa jin yaro ya tambayi labari ba. Anya wannan suka ba ta masu yawan karatu ba ce kawai?

Amsa: Malam Isuhu, abin da ka gani gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai soki wasan ƙwallo don mai tsaron gida ba shi da tarihi. Irin waɗannan wasanni kamar filin kokawa suke, inda ƴan kallo da makaɗa da tsohuwar gaba tsakanin jihohi suke kawo labarin da kansu. Yaran da ke gidanka sun san wanda ya ci wani jiya da wanda ya yi cika baki, wannan ya wadatar da su. Sukar tana hawa ne kan wasan da ya ɗauki sa'o'i ashirin ko talatin na rayuwar mutum yana cewa zai ba shi labari.

Kuma kamfanonin da kansu sun san tana da tasiri a kasuwa. Kratos na God of War, wanda ya fara fitowa a 2005, ya daɗe yana shan suka cewa ban da fushi da ramuwa babu komai a cikinsa. A 2018 kamfanin Santa Monica ya dawo da shi a matsayin uban da bai iya magana da ɗansa Atreus ba, aka ɗora musu aiki guda, su kai tokar gawar matar Kratos kan dutse mafi tsawo kamar yadda ta bar wasiyya, kuma wasan ya lashe kyautar gwarzon shekara a bikin The Game Awards. Idan kana da PlayStation 4 a gidanka, sa wa manyan samarin da ke zuwa wurinka wannan wasa, ka tsaya a bayansu ka lura ko za su yi shiru su saurara idan uban da ɗan suka shiga kwalekwale suna hira.